Takin da Na Ɓoye a Cikin Jirgin Baba Yohanna

Ku da kuka girma kuna ganina a sahun gaba da farin gemu, kuna tsammanin haka Allah ya halicce ni. Abin da zan rubuta a nan innarku ta sani, wasu 'yan tsiraru ma sun sani, amma ku ba a taɓa zaunar da ku an gaya muku ba. A lokacin wasunku na makaranta, wasu na gidajen aurensu. Bokona bai wuce firamare ba, don haka zan faɗe shi yadda ya zo mini, ba tare da kwalliya ba.

Baba Yohanna mutumin Filato ne, Kirista, wanda ya yi aikin sojan sama har ya yi ritaya. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Makanike ne, shi ke shiga ƙarƙashi da sifana, shi ke cewa wannan zai tashi, wannan ba zai tashi ba. Aikin matarsa Mama Rifkatu, wadda malamar asibiti ce, shi ya kawo su Birnin Kebbi, suka zauna a Gesse har suka zama 'yan gari. Ya sayi wani fili a kan tudu a gefen hanyar Argungu, ya dasa mangwaro da gwaiba, ya kewaye da waya. Ta bakin wannan lambun nake bi kullum in na taso daga Badariya zan gangara fadama wurin shinkafata. Daga sallama muka koma ina shan ruwa a randarsa, daga nan muka zama abokan hira, duk da ya girme ni sosai.

Ranar da tirela ta kawo jirgin, 'yan kabu-kabu har sauke fasinja suka riƙa yi suna bin ta a baya. Jirgin yaƙi ne na gaske, dogo, mai baki a buɗe kamar na kifi, an kwance fukafukansa an ɗaure a gefe. Baba ya gaya mini ya ji labarin za a sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin jiragen da suka daina aiki, kuma a cikinsu akwai wanda ya yi shekaru yana kula da shi da hannunsa. Ya yi ta bin takardu ofis-ofis har aka sallama masa gangar jikin, bayan an cire inji da bindigogi da duk wani abin da ke tashi ko fashewa. Wasu suka ce tsohon ya zautu. Wani mai sayar da albasa ya tsaya a bakin waya ya tambaye shi ko bana da shi za a je Hajji, Baba ya ce masa ya kawo inji da man tafiya, shi ya riga ya kawo fukafukai.

Yadda yake kula da jirgin nan ban ga mai kula da doki haka ba. Ya yi masa rumfar kwano. Ya ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe don kada nauyi ya zauna a kan tayoyi. Ya toshe bakin da katako saboda tsuntsaye, haka ma ramin baya inda inji yake a da, wanda ya zama kogo mai faɗi, mutum zai iya rarrafawa ciki ya kwanta. Kowace Asabar sai ya buɗe ƙananan ƙofofin jikinsa duka, ya ce a bar shi ya sha iska. Shi ya koya mini cewa ƙarfen jirgi ba ya yin jar tsatsa irin ta fartanya, tasa tsatsar fara ce kamar garin tuwo, kuma a ɓoye take cin ƙarfe, daga ciki. Malaman makarantu sukan kawo ɗalibai ranar Alhamis, ya jera su, ya nuna musu mazaunin matuƙi, ya gaya musu cewa mutum ɗaya ke tashi da shi amma mutum da yawa ke kwana a ƙarƙashinsa da maiƙo a hannu.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. 'Yarsa ta zo ta ce a gida Filato za a yi jinya. Ranar da za su tafi na je Gesse, na same shi an kwantar da shi a kujerar baya ta mota, bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Ya sa Mama Rifkatu ta ba ni mabuɗin lambu, ya kama rigata da hannun da ya rage masa.

"Malam Garba, abu biyu. Ran Asabar ka buɗe shi. Kuma kada ka sa komai a ciki, ko tabarma ce."

"Baba, ka tahi lahiya. Amana ce, na karɓa."

Wata biyu na farko na riƙe alkawari. Sai aka raba mana takin zamani ta ƙungiyar manoma, buhunan kamfa, na kawo gida na jibge a ɗakin ajiya. A makon ne aka yi ruwa mai iska, ya yaye rabin kwanon ɗakin. Na tsaya ina kallon buhunan da tamfol ɗaya a hannuna, ga hadari na sake haɗuwa ta gabas. Wurin da ya kamata in kai su shi ne gidan ƙanena, baffanku Sani, mai shago babba wanda ba ya yoyo. Amma a lokacin ba ma ga maciji da shi saboda hanyar ruwa da ya tare mini a fadama, kuma na rantse a gaban mutane ba zan sake roƙonsa ko allura ba. Sai tunanin kogon bayan jirgin ya faɗo mini: a kan tudu yake, a ƙarƙashin rumfa, a cikin waya, kusa da gonata, ba ɓarawon da zai yi tunanin leƙa ciki. Da na faɗa wa innarku, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, ba mutumen ga ya ce maka kada ka sa komi ciki ba? Ka kai wurin Sani mana."

"Kwana bakwai ɗai. Da na zuba ma shinkahwa shi ke nan."

Ta ce ita dai ta faɗa. Na ɗauko amalanke, na yi sawu uku, na cusa buhunan ciki ɗaya bayan ɗaya har kogon ya cika, na mayar da katako na toshe. A ganina na yi dabara.

Kwana bakwai ɗin ba su cika ba gulbi ya yi ambaliya. Shinkafata ta nutse gaba ɗaya, ko kan ganye ba a gani. Ba abin da za a zuba wa taki. Na ce to, a bar shi har noman rani. Raina a ɓace yake da asarar gona, na daina bi ta hanyar, Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. In na tuna sai in ce ai yana ƙarƙashin rumfa. Ban yi tunanin cewa taki yana jan laima daga iska da kansa ba, alhali na sani, kowane manomi ya sani, don mun sha ganin buhu ya jiƙe a ɗaki ba tare da ruwa ya taɓa shi ba.

Sai da ruwa ya janye aka fara gyaran fadama na je ɗauka. Da na cire katakon, wani wari mai yaji ya doke ni. Buhunan ƙasa sun fashe, takin ya narke ya zama kunu, ya gangara ya kwanta a cikin jirgin. Na fito da su. Da na haska fitila, na ga haƙarƙarin jirgin, wato waɗannan ƙarafan da suke zagaye suna riƙe da jikinsa, sun yi fari fat, sun kumbura. Na sa farce na danna ɗaya, ya ɓare ya biyo hannuna kamar ɓawon albasa. Na zauna a ƙasa a bakin ramin, na rasa addu'ar da zan karanta.

Daga nan kowane abu da na yi ya fi na baya muni. Na ɗebo ruwa bokiti-bokiti na sheƙa ciki wai in wanke, ban san ina tura gishirin ne cikin kowace kafa ba. Da ya bushe na ga ramukan sun fito fili, sai na je wurin wani mai gyaran jikin mota na karɓo filar da suke cike lotsawa da ita, na ce masa ƙofar gida zan gyara. Na yi kwana huɗu ina rarrafe a cikin kogon nan ina shafawa, ina gogewa. Na kawo fenti ruwan azurfa na bi kai. Da na gama, wurin ya fi sauran jikin jirgin ƙyalli. Na rufe duk ƙofofin, kuma daga ranar ban sake buɗe ko ɗaya ba, saboda ba na iya kallon ciki. Haka wata daminar ta sake zuwa ta same shi a rufe ruf.

Baba ya dawo bayan fiye da shekara. Yana dogara sanda, hannun hagu ya mutu, idanunsa sun yi hazo, ba ya gane mutum sai ya yi magana. Washegarin isowarsa ya sa aka kai shi lambu. Ya zagaya jirgin a hankali yana shafa shi da tafin hannu. Da ya zo wajen ramin baya ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, ƙafar ta ƙi, na riƙe shi.

"Cikin fa, Malam Garba? A bushe yake?"

"A bushe, Baba. Lahiya lau."

Ya ce Allah ya yi mini albarka. A nan ya ba ni labarin da ya hana ni sukuni. Wani tsohon hafsa da suka yi aiki tare yana gina wurin adana kayan tarihi a Argungu, inda za a jera tsofaffin jiragen ruwa da motoci da makamai don ɗalibai da baƙi, kuma yana son jirgin ya tsaya a tsakiyar fili. Baba ya ce kyauta zai ba da. Ya ce 'ya'yansa ba ruwansu da jirgin, ranar da ya rufe ido masu zubin tukunya za su sayar wa, a narke shi a dafa tuwo a ciki. Abin da ya rage masa a duniya, in ji shi, shi ne ya ga jirgin nan ya hau dandamali da ransa.

Ya matsa sai na raka shi Argungu ya ga wurin. Muka shiga mota da hantsi, muka bi ta gefen fadamu, ana ta dashen shinkafa. An riga an zuba dandamalin siminti, an kafa ginshiƙan ƙarfe uku da jirgin zai zauna a kai. Baba ya ba ni bakin tef na riƙe, shi yana ja, yana tambayata lamba tun da ba ya gani, yana gyara wa magina kuskurensu, muryarsa ta dawo kamar ta da. Mai wurin ya sa aka kawo mana gasasshen kifi. A hanyar dawowa na shirya maganar a raina tun daga fitarmu gari, na ce da mun wuce waccan gadar zan faɗa, sannan na ce da mun wuce wancan ƙauyen. Kafin in buɗe baki sai ya ce ya gaya musu a rubuta sunana a allon da za a kafa, a ƙarƙashin nasa, a matsayin wanda ya kula da jirgin lokacin da yake kwance. Na ce na gode. Abin da ya fito daga bakina ke nan.

A makon nan Mama Rifkatu ta zo gidanmu da turmin atamfa ta ba innarku, ta ce tukuicin riƙon amana ne. Innarku ta karɓa kanta a sunkuye. Bayan baƙuwar ta tafi ta jefa atamfar a ƙasan akwati ta same ni a zaure.

"Ni dai ba ni iya haɗa ido da matar ga. Ka hwaɗa mashi tun ba a ɗaga ba. Mutane za su tsaya ƙarƙashi, Malam."

Na ce mata zai riƙe. Na ce ɗagawa ɗaya ce, da an ɗora shi a dandamali ba mai sake taɓa shi har abada. Haka na riƙa gaya wa kaina, amma jikina bai yarda ba. Sallah ta koma mini wahala, in tayar da kabbara sai in tsinci kaina a cikin kogon nan ina lissafin haƙarƙari nawa suka ci, nawa suka rage, har liman ya yi sallama ban san me aka karanta ba. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne addu'ar da nake yi a lokacin. Ban roƙi Allah ya ba ni ƙarfin faɗin gaskiya ba. Roƙonsa nake ya sa fila da fenti su ɗauki nauyin jirgi.

Ranar ɗagawa aka zo da tirela da motar ɗaga kaya, wadda ake ce wa kiren. Mai tuƙa ta wani ƙato ne mai yawan ba'a, ana ce masa Manu Kiren, da ma'aikatansa uku. An riga an kwance fukafukan, an turo jirgin waje daga rumfa. Aka sa wa Baba kujera a inuwar mangwaro amma ya ƙi zama. Za a zagaya jirgin da manyan igiyoyi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Baba ya bi jikin jirgin da yatsa yana ƙirga layukan ƙusoshi, tun da ido ba ya gani, ya tsaya a wani layi ya ce nan za a sa ta baya, nan ƙashin yake. Na duba. Daidai tsakiyar inda na shafa fila. Manu ya ce shi a ganinsa a matsa gaba kaɗan. Baba ya ce shekara nawa yana ɗaga wannan jirgin tun Manu yana yawo ba wando. Ma'aikatan suka yi dariya, Manu ma ya yi, ya ce to soja ya yi magana.

Ina tsaye taku biyar daga wurin. Na ga igiya ta miƙe, na ga tayoyi sun rabu da ƙasa, na ga ɗaya daga cikin ma'aikatan, wani magidanci mai suna Ɗantani, ya shiga ƙarƙashin wutsiyar ya dafa ta don kada ta juya. Na ga duk wannan, kuma ina da lokacin da zan ce a tsaya. Jirgin ya kai tsayin ƙirji sai aka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Igiyar ta nutse cikin jikinsa, cikin ya lotsa, bayan ya karye ya sunkuyo. Ɗantani ya yi tsalle gefe, wutsiyar ta daki ƙasa daidai inda ƙafarsa take. Manu ya sauke sauran da sauri ya kashe mota.

Daga inda ya tsage wani farin gari ya zubo ya taru a ƙasa, da gutsattsarin fila. Ma'aikatan suna kan Ɗantani suna duba shi, Baba kuma ba ya gani daga nesa. Na matsa kamar mai duba ɓarna, na sa ƙafa na tura ƙasa na rufe garin. Wannan ma na yi shi, ku sani.

Manu ya sauko yana huci. Ya ce ya faɗa wa tsohon nan a matsa gaba, ya ce saura kaɗan a kashe masa mutum mai iyali saboda taurin kan wanda ko gabansa ba ya gani. Baba ya laluba kujerar ya zauna, ya ɗora sandar a cinya.

"Gaskiyarsa ne. Ni na ƙirga ba daidai ba. Kan ya tafi, Rifkatu, kai ni gida."

Mutanen Argungu suka juya da tirelarsu ba komai. Ni kuma na koma gida, kuma, Allah ya gafarta mini, a kan hanya akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji sanyi, don laifi ya sami wanda zai ɗauka.

Kwana uku ban je Gesse ba. Labari ya riƙa iso mini ta bakin mata: Baba ya kwanta, ya ƙi abinci, ya ce wa Mama Rifkatu ta tattara akwatin sifanunsa ta ba duk wanda ta ga dama, ya ce ko maganin da zai sha kada a bar shi ya ƙirga da kansa. A rana ta uku innarku ta kawo mini abincin rana ta ajiye, ta tsaya a kaina da mayafinta a kafaɗa. Ta ce ta yi shiru shekara guda saboda ni mijinta ne, amma ba za ta yi shiru tsoho ya mutu yana zargin hankalinsa ba. In ban tashi ba kafin la'asar, ita za ta je.

Na bi ta lambu na ɓalle wani guntun haƙarƙarin daga inda ya tsage, da fila da fenti a jikinsa, na sa a aljihu. Na sami Baba a falo a kwance a doguwar kujera, ya rame a kwana ukun nan kamar ya yi wata. Mama Rifkatu ta kawo mini ruwa. Ban sha ba. Na durƙusa a gabansa, na sa masa guntun ƙarfen a hannunsa mai lafiya, na faɗi komai tun daga kwanon da iska ta yaye har ƙasar da na tura da ƙafa. Bai katse ni ba. Yana ta juya ƙarfen, yana murza shi da babban yatsa yana ɓarewa. Da na gama ya kai shi bakinsa ya taɓa da harshe.

"Kamfa ko yuriya?"

"Kamfa."

"Wata nawa a ciki?"

"Damina guda, har ruwa ya janye."

"Ka wanke da ruwa?"

"Na wanke."

Sannan ya yunƙura ya tashi zaune da kansa, abin da aka ce bai yi ba tun ranar.

"To igiyar daidai na sa ta."

Ya sake faɗa a hankali, wannan karon ga matarsa. Mama Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ni take kallo. Ta ce, "Malam Garba, a gabanka ya ce kansa ya tafi. Kana tsaye." Na ce Baba ya yafe mini don girman Allah. Ya ce wannan maganar a ajiye ta tukuna, in fita in tsayar da keke napep, akwai inda za mu.

Garejin manyan motoci ya ce a kai mu. Muka tarar da Manu da mutanensa a ƙarƙashin wata tirela suna cin shinkafa da wake, da wasu direbobi kusan goma a kewaye. Baba ya ce shi ba zai sauka ba, a matsar da keken kusa yadda zai ji. Ya ce a gaban waɗannan aka ce ya tsufa ya rikice, a gabansu zan faɗa. Na sauka. Da yawansu sun san ni, wasu a bayana suke sallah in liman bai zo ba. Na yi sallama, na sake faɗin labarin daga farko, da ƙarfi, don injin wata mota na aiki a gefe. Wani ya fara dariya da ya ji taki a cikin jirgin yaƙi, ya ce Malam so ya yi jirgin ya yi tsiro. Dariyar ba ta yi nisa ba, don Ɗantani ya ajiye cokalinsa ya miƙe.

"Ashe ka sani, Malam, sa'ad da nis shiga ƙarƙashi?"

"Na sani."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce 'ya'yansa biyar, ya juya ya bar wurin da abincinsa a kwano. Har yau in mun haɗu a kasuwa yakan amsa sallamata, ba ya ƙarawa.

Manu ya goge hannunsa a jikin wando, ya je bakin keken ya tsuguna, duk girman jikin nan nasa, ya ce Baba ya yafe masa maganar da ya faɗa. Baba ya ce ba komai, wanda ya ga mutuminsa zai mutu dole ya yi faɗa. Daga nan ya shiga yi masa bayani kamar ba abin da ya faru: bayan jirgin ya gama, ba mai gyara shi, amma daga mazaunin matuƙi zuwa baki lafiya lau ne, taki bai kai can ba. Za a yanke a layi kaza, a toshe da faranti, a sa igiya a nan da nan. Manu yana cewa to Baba, to Baba. Ina tsaye a rana, ba wanda ya ce in matso.

Da muka isa ƙofar gidansa a Gesse, mai keke ya zagayo zai taimaka masa, Baba ya ce a'a, ya miƙo mini hannunsa mai lafiya. Na kama, na sauke shi, na kai shi har bakin ƙofa. Iyakar abin da na samu ke nan. Bai ce ya yafe ba, a ranar ko bayanta, ni kuma ban sake samun fuskar tambaya ba har Allah ya karɓi ransa. Ya dai ga abin da ya saura ya hau dandamali, a kan ginshiƙi biyu maimakon uku. In wata rana kun kai jikokina Argungu suka tambaye ku ina sauran jirgin, kada ku ce musu tsufa ne. Ku gaya musu kakansu ne.